Alƙalan Masa a Bakin Kwara

Duk wanda ya san Malanbil, garin nan na ƙarshen ƙasar Benin ta arewa da ke fuskantar Gaya ta Nijar, kogin Kwara na tsakaninsu, ya san babbar sana'ar baƙo a can ita ce jira, ko na takardun duwan, ko na mota ta cika, ko kuwa, tun da aka rufe gada a 2023, na kwalekwale. Da yake kuma jira ba ya rabuwa da yunwa, sai ka tarar da matafiya sun yi dafifi wajen masu tuyar masa, suna bin tanda-tanda, kowa na yanke hukuncin wadda ta fi. Waɗannan alƙalai, da babu sarkin da ya naɗa su, sun kasu jinsi-jinsi.

Na farkonsu mai kishin gida. In mutumin Bauci ne, sai ya gutsura, ya runtse ido, ya ce, "Inna, ba laifi, amma a wurinmu ko almajiri za a ba irin wannan sai an haɗa masa da haƙuri." In kuwa mutumin Maraɗi ne da ya saba da ta gero, ya ce ta shinkafa ba ta riƙe ciki. Da za ka bincika, masar da yake aunawa da ita ta wata gyatuma ce da ya ci yana yaro, wadda ba mai iya kawo ta gaban shari'a a tambaye ta.

Sai faƙihin masa, wanda ba ya kai loma baki sai ya shimfiɗa muƙaddima. A wurinsa rukunan masa uku ne: ƙullu ya kwana ya tashi, gefe ya soyu ya yi ja, ciki ya nuna ya yi ramuka kamar saƙar zuma. Yakan raba ta biyu da yatsa, ya ɗaga ta wajen haske, ya shinshina, sa'an nan ya shiga saɓanin da ke tsakanin tandar ƙasa da ta ƙarfe, da mas'alar kanwa in ta yi yawa, da fatawarsa cewa makaruhi ne a barbaɗa sukari a kan wadda za a ci da miya, har dai masar ta huce a hannunsa, shi kuma ya kafa hujja da sanyin nan a kan mai tuya.

Na uku ya fi shi hikima, domin shi babi ɗaya tak ya riƙe daga fiƙihu, watau haramcin cinikin garari, sayen abin da ba a san haƙiƙarsa ba. Saboda haka yakan ce, "Hajiya, ɗan ba ni in ji," ya ci guda, ya gyaɗa kai, ya wuce tanda ta gaba don ya yi adalci tsakaninsu. Kafin ya kai ƙarshen layi ya karya kumallo, bai taɓa aljihu ba, kuma hukuncinsa kullum shi ne sai an sake zama.

Akwai wanda ya ga duniya, wanda ba a gama gaisawa da shi sai an ji ya je Amurka. Shi zai ba da labarin birnin Shikago, inda tun 1943 ake gasa wata irin fiza a faranti mai zurfi, cuku a ƙasa, miyar tumatir a bisa, ana cin ta da wuƙa da cokali mai yatsu, masu yawon duniya kuma na bin gidajen sayar da ita suna gwadawa. Yana wannan bayani hannunsa na kai da komo, har yaron mai tuya ya ƙirga goma sha biyu, alhali shi yana cewa cikinsa ya daina karɓar abincin bakin hanya.

Haka nan akwai ɗan kasuwar da ya shigo ta Kamba don sarin albasa, wanda harshensa ke bin farashin canji. Ba ya cewa komai sai ya mai da sefa naira a zuci. In ta dala biyar ta yi masa araha, to babu kamarta daga nan har Kwatano, in kuwa naira ta faɗi a daren jiya, sai ya ji ƙaurin mai da ba wanda ya ji.

Na ƙarshe direban babbar mota, wanda ya haddace hanyar Paraku da Kandi rami-rami. Shi ba ya gwadawa, ba ya jayayya. Da ya sauko sai ya nufi tanda guda, ya ce, "Inna, kamar kullum," ta zuba masa da yaji da albasa, ya ci, ya biya, ya yi hamdala. In ka tambaye shi wadda ta fi, sai ya nuna maka da haɓa, bakinsa cike.

To, da yake an ce abincin wani gubar wani, ba za a taɓa samun ijma'i a wannan babi ba, kuma mafi yawan hukuncin da ake yankewa, in an lura, labarin alƙalin yake bayarwa, garinsu da aljihunsa da girman kansa. Amma masu tuya, waɗanda hayaƙi ya hana su doguwar mujadala, sun daɗe da tsai da sharuɗɗan karɓar shahada, guda biyu ne rak: mai shaida ya biya, ya kuma dawo.