Ana Neman Ɓarawo Mai Cika Sharaɗi

Da'awata ɗaya ce, kuma ina nan a kanta ko da dillalan inshora za su daina amsa mini sallama: mutumin Dakusa da ya sayi kwamfutar hannu, sannan ya hau mota zuwa Damagaram don ya yi mata inshorar sata da ɓata da lalacewa, ya biya kuɗin tsari ne daga masifar da ba ita za ta same shi ba. Ban ce kamfanonin macuta ba ne. Doka suke bi, dokar CIMA, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, kuma ƙasashe 14 ke aiki da ita, har da Nijar. Abin da nake cewa shi ne, takardar da za su miƙo an tsara ta ne don mutum mai ƙofar ƙarfe, mai ajiye rasit, marar dangi. Ni kuwa duk faɗin gundumar Takeita ban san inda irin wannan bawan Allah yake kwana ba.

Tunda hujja na son wanda za a gwada ta a kansa, a ƙaddara ni ne mai kwamfutar. Tambayar farko da za a yi mini ita ce takardar saye. To, kwamfutar da malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci ke iya saye galibi ta hannu ce, wadda ta gama aikinta a Turai ta zo yin ritaya, aka ɗauko ta daga Kano ko aka same ta a gefen Kasuwar Dole. Rasit ɗinta shi ne rantsuwar mai sayarwa cewa bakanike bai taɓa ganin cikinta ba. A ce dai na yi sa'a an rubuta mini takarda mai hatimi. Sai biya, kuma tun gyaran da aka yi wa dokar a 2011, in ba a biya ba babu kariya, don haka "zan kawo in an yi albashi" ba ta da kujera a wannan ofishi. Bayan nan ga ƙa'idar diyya: ba za a ba ni fiye da darajar abin a ranar da ya salwanta ba. Za a cire na tsufa, a cire kason da aka ce ni zan ɗauka da kaina, abin da ya rage in na haɗa da kuɗin motar zarya wataƙila ya isa jakar da ake sa kwamfutar a ciki.

Yanzu ga sata, wadda dominta aka yi duk wannan wahala. Dokar ta ba mai kaya awa 48 ya sanar da kamfani in an yi masa sata, kuma cikin jimla guda ta ba da wannan wa'adi ga wanda dabbarsa ta mutu. Wannan haɗi ya burge ni, don ya nuna masu dokar sun san inda zuciyar talaka take. Sai dai awa 48 a wurinmu ba ta isa a gama jaje ba, balle a kai ga jandarma a karɓo takardar shaida. Babban tarkon ma yana gaba. Galibin irin waɗannan yarjejeniyoyi suna biyan satar da aka yi da fasa ƙofa ko da ƙarfin tsiya ne. Ke nan ina buƙatar ɓarawo mai tarbiyya, wanda zai zo da guduma, ya karya kwaɗo, ya bar alama a jikin ƙyaure yadda mai bincike zai gamsu. Ɓarawon da ya ɗaga asabari ya shiga, lokacin da nake shimfiɗe a tsakar gida ina gudun zafin bazara, ya cuce ni sau biyu: ya tafi da kwamfuta, kuma bai cika sharaɗi ba. Ga shi in jandarma ya tambaye ni wa nake zargi, amsar gaskiya za ta iya raba zumuncin shekara arba'in, kuma satar ɗan gida ma yawanci ba a biyan ta.

Ɓarawo kuwa shi ne ƙarami cikin maƙiyan kwamfuta. Na farko ƙurar hunturu ce, mai shiga fanka ta yi gida, har na'urar ta riƙa nishi tana ɗaukar zafi. Kamfani zai kira wannan tsufa, kuma tsufa ba hatsari ba ne. Na biyu wuta. Wanda ya ga halin da aka shiga a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ya san yadda kwamfuta ke rayuwa tsakanin layin kamfanin lantarki na Nigelec da injin mai caji da faranti mai aiki da rana, kowanne da irin ƙarfin da ya ga dama ya aiko. Na uku, wanda ya fi su duka kisa, shi ne aro. Ɗan yayar uwargida yana karatu a Jami'ar André Salifou, zai rubuta kundin kammalawa, mako biyu kacal. Hana shi abin kunya ne da za a riƙa ambata har a wurin suna. In na ba shi, za ta dawo bayan damina da harufa uku sun yi hijira, da tabon shayi mai sukari a ƙarƙashin madannai, da bayanin cewa "haka kawai ta ɗauke". Babu gurbin "haka kawai" a fam ɗin kamfani, na kuwa tabbata da akwai, da shi zai fi kowane gurbi cika.

Za a ce mini akwai inshora mai rufe kowane irin hatsari, in nemi wannan. Gaskiya ne ana yin irinta, amma kuɗinta na hawa daidai da faɗinta, kuma ko ita tana da shafin abubuwan da ba ta biya, inda sakaci da tsufa ke zaune daram. A nan ma ina tare da kamfanin. In da zai biya duk wanda ya zo ya ce tasa ta faɗa rijiya, da kafin babbar salla rijiyoyin Damagaram sun cika da tsofaffin kwamfutoci, kowa ya fito da sabuwa. Tsaurin sharaɗin ba mugunta ba ce, shi ne abin da ke hana asusun ƙarewa, sai dai shi ne kuma ke fitar da ni daga ciki. Wani zai ce ai masu motoci suna yin inshora ba su mutu ba. Suna yi ne don doka ta tilasta, kuma akwai mai kaki a shingen hanya da zai nemi takardar. Ranar da aka fara tsayar da mutane ana duba takardar kwamfuta, ni ne na farko a layi. Mai ƙyamar abin saboda addini kuma za a nuna masa takaful, wanda CIMA ta yi wa ƙa'ida a 2019. Wannan ya gyara batun wane ne mai asusun da yadda ake juya shi, amma bai sa ɗan yayar uwargida ya daina shan shayi a kan madannai ba.

Inda na yarda inshorar na da amfani shi ne ofishin magajin gari, ko makaranta, ko ƙungiya mai kwamfutoci da yawa, mai rasit da mai gadi da akawun da aikinsa ke nan bin takarda. Mutum ɗaya mai na'ura ɗaya gara ya zuba kuɗin a adashe. Na san uwar adashe ma kan yi ɓatan dabo, amma ita an san gidan mijinta da na iyayenta, kuma ba ta taɓa tambayar kowa ko an karya kwaɗo ba. Sannan abin da ke sa mai kwamfuta hawaye ba ƙarfen ba ne, aikin da ke ciki ne, jerin makin ɗalibai da lissafin shago da hotunan biki, waɗanda irin wannan inshora ba ta maido wa kowa. Maganin wannan ɗan makullin ajiya ne na jaka kaɗan, a kwafe komai a ciki, a ɓoye shi inda mai neman aro ba zai gani ba, don shi ma in an gan shi akwai wanda zai ce wasu waƙoƙi kawai zai ɗauka ya kawo gobe.