Sabis Ne, Hajiya

Da aka ce komai ya koma intanet, albishir aka yi mana cewa bin layi ya ƙare. Layi bai ƙare ba, ƙaura ya yi. Da a ƙofar ofis ake yin sa, yanzu a bencin mai kafe, ƙarƙashin rumfar kwano, kusa da janareta mai tari. Mai son gani da idonsa ya leƙa shagunan kwamfuta na Funtua ko Malumfashi a makonnin da ake rajistar jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Hukumar nan, wadda dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, ita ke riƙe da mabuɗi: ko shekara nawa ka yi a makaranta, ko allura nawa ka tsira wa mutane, in ba ka ci jarrabawarta ta ba ka lasisi ba, kai ba nas ba ne. Masu karatun jinya a Mayu da Nuwamba suke zama, masu karatun ungozoma a Maris da Satumba. Makaranta ce ke tura sunaye, amma biyan kuɗi da hoto da ɗora takardu da buga shaida, duk a wuyan ɗalibi suke. Ke nan sau huɗu a shekara benci yana cika, kuma kullum mutanen nan ne dai, fuska kawai ke sauyawa.

Mai kafe shi ne uban tafiya, kuma amsa ɗaya gare shi ga kowace tambaya. Me ya hana shafin rajistar buɗewa? Sabis ne. Me ya sa ya buɗe ya sake rufewa? Sabis ne, Hajiya. To ina canjina? Nan ma sai ya yi jim, ka ga bakinsa yana shirin cewa sabis ne. Bai taɓa riƙe sirinji ba, amma ya san fom ɗin nan fiye da shugaban makaranta. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya kafa doka: janareta ba ya tashi don mutum ɗaya, sai an taru, kamar motar haya a tasha da ba ta motsi sai ta cika. Babban sirrinsa kuwa shi ne, yawancin waɗanda suka taɓa zama a bencinsa ba su san imel ɗinsu ba. Shi ya buɗe musu, shi ya zaɓi lambar sirri, kuma lambar ɗaya ce ga kowa: sunan ɗansa na fari da 1234. Ranar da mutumin nan ya rufe shago ya koma sayar da taki, ranar asibitocin yankin za su san abin da suka rasa.

A kusa da mai kafe, kullum, akwai mai suna uku. A takardar firamare Aishatu ce, a sakamakon WAEC Aisha, a katin NIN A'isha, a gida kuwa Indo, kuma da wannan kaɗai take amsawa da sauri. Sunan mahaifi ma bai tsira ba: hedimasta ya ɗora mata sunan gari, mai rajistar NIN ya ɗora na kaka. Ranar haihuwa 1 ga Janairu, ita da duk sa'o'inta na ƙauyen, sai ka ce a dare guda aka haife su. Yarinyar nan ta ci Turanci da Lissafi da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji, ta shiga makaranta, ta yi shekarunta, ta kwana a ɗakin haihuwa ba adadi. Yanzu kwamfuta ta dube ta ta ce mutum uku take gani, a kawo mata ɗaya. Daga nan sai zarya: kotu, inda za ta rantse cewa ita ce ita, ofishin NIN, inda za ta tarar da wani bencin da ya fi wannan tsawo, wani lokaci har da sanarwar sauya suna a jarida, ita da ba ta taɓa sauya komai ba. Kowa a bencin yana da shawara a kan lamarinta, kuma babu shawarar da ta yi kama da wata. Ni dai ban ga laifinta ba. Manya ne suka rubuta da kunne, ba wanda ya ce a kawo takardar baya a duba, yau yarinya ke biyan bashin.

Wanda na fi girmamawa a rumfar nan shi ne uba mai rakiya. Rajistar masu zama a Satumba a cikin damina take faɗowa, lokacin da kuɗi ya tafi taki, rumbu ya kusa nuna gindinsa, masara kuma ba ta ko fitar da goyo ba. Baba ya ɗauki buhunan da ya ɓoye don bakin iyali ya kai kasuwar Bakori ko Dandume, ya zo da kuɗin a aljihun 'yar ciki, hannunsa a kai tun daga gida. Sai a ce masa gwamnati ta daina karɓar kuɗi hannu da hannu tun da aka koma asusun bai-ɗaya a 2015. Sai an ciro lamba mai alƙaluma 12 ta Remita, a biya a banki ko wurin mai POS. Baba ya ƙirga, ya miƙa. Waya ta yi ƙara, kuɗi sun fita. Shafi ya ce ba a biya ba.

"Yaro, yanzu kuɗin suna ina?"

"Suna hanya, Baba."

"Wace hanyar? Ta Zariya ko ta Yashe?"

"A'a, Baba, suna sama. Sai sun sauka."

Baba ya ɗaga kai ya dubi kwanon rumfa, ya gyara zama. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana cinikin auduga da hatsi, wanda bai taɓa sakin buhu ba sai ya ga awo, ba zai bar wurin ba sai kuɗinsa sun sauka. A nan zai yi Azahar, a nan zai yi La'asar. Ɗiyar ta ce, "Baba, ku tafi gida, in ya yi zan kira ku." Ya ce ba ita ta sayar da masarar ba. In Allah ya sa shafin ya amsa aka buga masa rasit, sai ya juya shi gaba da baya yana neman hatimi da sa hannu. Babu. A ce masa haka ake yi yanzu. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa cikin hula, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, kuma in aka bi ta gaskiya, tambayar da ya yi ta fi amsar da aka ba shi ma'ana.

Mai gaggawa ba ya buƙatar dogon bayani. Shafi na juyawa, an ce ya dakata, ya danna. Ya sake dannawa. An cire masa sau biyu, kuma sauran makon a banki zai ƙare shi.

Sai masanan dare. Su sun yi bincike sun gano cewa shafin ba ya buɗewa sai ƙarfe biyu, lokacin da mutanen Legas suka yi barci. Kowace tana da wurinta: wannan bayan ɗakin girki, waccan kan turmi kusa da katanga, hannu a sama, sauro na shagali. Da safe su zo kafe da jajayen idanu su ba da rahoton cewa saura kaɗan. Idan suka cika ƙorafi, akwai babbar yaya da za ta tsawatar, wadda ta ga 2021. A watan Satumba na shekarar, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga, ciki har da Funtua da Malumfashi da Bakori da Faskari da Dandume da Sabuwa da Ƙanƙara, har tsawon watanni. A lokacin, mai son tura saƙo ɗaya sai ya biya kuɗin mota ya nufi wajen Zariya, wayarsa a hannu, yana jiran inda za ta farfaɗo. Yaya takan ce, "Ku da kuke hawa turmi kawai, me kuka gani?" Ba wanda ke da amsa.

Mai hoto kuma rigimarta daban. An ce fasfo mai farin bango, fuska a fili. Ita ta kawo wanda aka ɗauka ranar bikin ƙawarta, waya ta goge shi ta ƙara masa haske har mahaifiyarta ma sai ta tambaya. An ƙi. Ta koma ta ɗauko wani da farin hijabi a jikin farin bango, ya fito ido biyu da hanci suna shawagi. Na uku ya yi daidai, sai aka ce ya yi nauyi. Mai kafe ya matse shi, ya ƙara matsewa, har ya shige. Wannan hoton na ƙarshe, wanda ba ta so kowa ya gani, shi ne zai bi ta shekara da shekaru.

Duk wannan yana faruwa ne a ƙarƙashin kulawar sarkin labari, mai riƙe da zauren WhatsApp na aji. Da hantsi ya sanar an ƙara wa'adi. Da azahar ya ce an rufe tun jiya. Da la'asar ya turo muryar wani da ba a san ko wane ne ba yana rantsuwa cewa an ƙara kuɗi. In ka tambaye shi majiya, ya ce, "Haka na gani na turo." Yana da ɗan'uwa a sana'a da ya fi shi haɗari, mai sabon takalmi da waya biyu, wanda ke matsowa kusa da Baba ya rage murya ya ce yana da mutum a Abuja, in aka ɗan ba da na shan ruwa yau-yau za a gyara suna. Wannan ba abin dariya ba ne. Mutumin Abuja babu shi, kuɗin kuwa ba za su sauka daga sama ba ko an kwana a benci.

Wani lokaci benci kan yi babbar baƙuwa. Lasisin nas ba na har abada ba ne, duk shekara uku ake sabunta shi, bayan an halarci kwas ɗin ƙara sani na dole, kuma shi ma ta intanet. Sai ga Mama Sista, shekara talatin a ɗakin haihuwa, macen da ke samo jijiyar jariri da hasken tocila cikin dare. An tashi an ba ta kujera. Linzamin kwamfuta ne ya gagare ta: ta tura shi hagu, kibiya ta ɓace.

"Mama, mene ne lambar sirrinku?"

"Ɗana, ba kai ka sa ba?"

"Ba ni ba ne, Mama, wanda ya riƙe shagon kafin ni ne. Bari a turo sabuwa ta wayarku."

Saƙo ya tafi layin da ya ɓace tare da tsohuwar waya shekara biyar da suka wuce. Mai kafe ya buɗe baki zai faɗi kalmarsa, ta ɗaga masa hannu. "Kada ka ce mini sabis. Ni na karɓi haihuwarka, da ƙafa ka zo, kuma ban ce wa uwarka ta dawo gobe ba." A tarihin shagon, ranar ce kaɗai aka tayar da janareta don mutum ɗaya.

Can ƙarshen benci akwai saurayi mai dogon buri. Bai zauna jarrabawar ba, fom ɗinsa ma bai wuce shafi na biyu ba, amma tambayarsa ita ce yadda ake tantance takardu don aiki a Ingila ko Saudiyya. Ya haddace rigimar Fabrairun 2024, lokacin da hukumar ta ce sai nas ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardun fita, nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Ya san cewa magatakardan hukumar na lokacin, Faruk Umar Abubakar, ya ce nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Mutane suna jin adadin suna salati, shi yana jin sa yana lissafin ko akwai sauran wuri. Ban ce kada ya tafi ba. Wanda ya ga albashin ya ga aikin ba zai yi saurin zaginsa ba. Amma macen da naƙuda ta kama da tsakar dare a wani ƙauyen Faskari ba ta cikin lissafin kowa a rumfar nan, sai ko Mama Sista.

Ranar ƙarshen rajista kuwa kowa da kowa ne. Waɗanda suka yi sati uku suna cewa akwai lokaci su ne a gaba, su ne kuma masu ɗaga murya. A tsakiyar hayaniyar wata za ta shigo a natse, ta ce fotokwafi ɗaya kawai take so. Ita ta gama tun ranar da aka buɗe: sunanta ɗaya a ko'ina, imel ɗinta nata ne, rasit ɗinta na cikin leda. Ba ta yi wa kowa komai ba, amma duk bencin harararta yake yi har ta fita.

Tunda jarrabawar kanta yanzu a kwamfuta ake rubuta ta, makarantun jinya da ungozoma na yankin nan, daga ta Malumfashi har masu zaman kansu, ya kamata su ware ɗaki mai wutar sola da intanet da ma'aikaci guda, ɗalibai su yi rajistarsu a ciki. Ku kuma iyaye, wanda ke da ɗa ko ɗiya a sakandare mai sha'awar aikin asibiti, ya ɗauko takardar haihuwa da ta firamare da katin NIN a daren yau, ya jera su a tabarma, ya duba harafi bayan harafi. In sun saɓa, a je a gyara tun kafin a rubuta WAEC.