Wai Kara Ma Sai An Yi Masa Gyara?

Na san abin da za ku ce, 'yan shakka, tun kafin ku buɗe baki. "Turawa sun gama da masara da wake, yanzu kuma kara suka sa a gaba?" Ƙwarai kuwa, kara suka sa a gaba. Ku gyara zama ku ji dalili, in ya so ku yi dariyar daga baya.

Karan dawar da ke tsaye a gona bayan girbi, fiye da rabinsa sukari ne. Malam, daina harara, ba na zuba wa shayi nake nufi ba. Sukari ne da aka ɗaure shi sarƙa-sarƙa, mafi yawa a cikin abin da masana ke kira selulos. In an kwance sarƙar, yisti ya ci, sai ya ba da itanol, man da ake gaurayawa da fetur. Mai hana ruwa gudu shi ne liginin, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na busasshen kara. Yadda magini ke yaɓe azara da ƙasa har ba ka ganinta, haka liginin ke lulluɓe selulos. Shi ke sa kara ya tsaya ƙyam, shi ke ƙarfafa hanyoyin da ruwa ke bi daga saiwa zuwa zangarniya. A masana'anta kuwa, sai an dafa karan da zafi mai tsanani, sau da yawa har da asid, sannan a zuba masa enzayim mai ɗan karen tsada, kafin sukarin ya fito. Shi ya sa masana suka koma kan tsiron da kansa, ko zai rage yaɓen.

"Ai dama mun sani, allura za su yi wa iri." Haba Alhaji, saurin me kake yi? A shekarar 1924, a jihar Minnesota ta Amurka, aka fara lura da wata masara da jijiyar tsakiyar ganyenta ta yi launin ƙasa-ƙasa mai ja, maimakon fari ko kore. Babu wanda ya taɓa ta, haka ta tsiro abinta. Sai daga baya aka gane liginin ɗinta ya bambanta da na sauran. A 1978 masu bincike a Jami'ar Purdue suka ba da labarin irin wannan a dawa. Sun jiƙa iri a wani sinadari mai sauya ƙwayar halitta, suka shuka, suka bi layi-layi suna juya ganye suna duba jijiya. Ba su ɗauko komai daga kifi ko alade sun dasa ba, kamar yadda ake ba ku labari a majalisa bayan Magariba. Bayan shekara goma aka samu haka a gero ma.

Yau an san inda matsalar, ko in ce albarkar, take. Tsiro yana haɗa liginin ne mataki-mataki, kowane mataki da enzayim ɗinsa, kowane enzayim da ƙwayar halittar da ke ba da umarnin yin sa. Dawar da aka laƙaba wa bmr6, enzayim ɗin matakin ƙarshe ne, mai suna CAD, ya samu naƙasa. Mai lamba bmr12 kuma COMT ne ya tsaya, shi ne mai taimakawa wajen haɗa ɗaya daga cikin tubalan liginin ɗin. Ƙwayar halitta ɗaya tak ta gurgunce, kara ya yi sauƙin narkewa.

To, ga rabonku, kada ku ce na hana ku. A 2011 masana a Gidauniyar Noble da ke Oklahoma suka rage aikin COMT kai tsaye, da fasahar sarrafa ƙwayar halitta, a wata doguwar ciyawar Amurka da ake kira suwicgiras. Itanol ɗin da ta ba da ya ƙaru da abin da ya kai kashi 38 cikin ɗari, enzayim ɗin da ake buƙata kuma ya ragu ainun. A 2016 aka yi wa rake makamancin haka a Jami'ar Florida. A nan kam an taɓa, sai ku tafa.

Abin da ke ba ni dariya shi ne kuna da hujja mai ƙarfi a hannu, amma kun bar ta kun tafi neman aljanu. Da wani cikinku ya ce, "Kara mai laushi, ya zai yi da iskar hadarin Agusta?" da na cire masa hula. Kwanciyar shuka matsala ce ta gaske, kuma masara mai jar jijiya da ake kira bm3 an daɗe da sanin amfaninta yakan gaza na 'yar'uwarta ta gama-gari. Masu binciken dawa a Lincoln ta jihar Nebraska sun ga abin ya danganta da irin da aka saka siffar jar jijiyar a ciki: wani ya jure, wani ya yi ƙasa. Sun kuma duba ko raguwar liginin za ta buɗe wa cutar Fusarium ƙofa, suka tarar ba ta fi kama masu jar jijiyar ba.

Hujjarku ta biyu, wadda ita ma kuka bari ta wuce ku, kuɗi ne. Masana'antar Emmetsburg a Iowa, da aka buɗe a 2014 don yin itanol daga karan masara, ta daina a 2019. Ta kamfanin DuPont a jihar ta buɗe a 2015, ba ta wuce 2017 ba. Tattara kara daga gonaki, ɗauko shi da ƙasa da tsakuwa a jiki, ajiye shi kada ya ruɓe ko ya kama wuta, babu ƙwayar halittar da ke maganin wannan. Brazil ta fi samun sauƙi domin tuƙar rake dama a bakin injin take. Kamfanin Raízen ya buɗe wata babbar masana'antar a Guariba a 2024.

Mu kuwa a nan, wa ya ce kara shara ne? Da shi ake darni, da shi ake rumfa, shi ke ƙarƙashin tukunyar tuwo, shi ake tarawa a kan bishiya don dabbobi su ci da rani. Mai darni liginin yake so, ya yi yawa ma, don akuya ta gwada ta haƙura. Mai kiwo kuwa akasin haka, domin tumbin saniya da tukunyar masana'anta abu ɗaya ke ba su wuya. A Amurka, tun kafin a yi zancen mai, masu shanun madara ne suka fara rungumar masara da dawa masu jar jijiya, saboda saniya ta fi narkar da su, nono ya ƙaru.

Saboda haka Alhaji mai turke, kai da ka fi kowa ƙyaƙyatawa ɗazu, ina ganinka. Ranar da irin nan ya shigo kasuwar Dawanau, kai ne za ka aiko yaro da asuba a ware maka buhu biyu, ka ce kuma kada a gaya wa 'yan majalisa.