Masu Cika Jirgi

A Amurka, tun 1972 doka ta wajabta wa masu ƙera ƙananan jiragen ruwa, waɗanda ba su kai ƙafa 20 ba, su manna ɗan allo inda matuƙi zai gani: mutum nawa, nauyi nawa har da inji da kaya, da iyakar ƙarfin injin. In babu allon, akwai lissafin gaggawa: tsawo sau faɗi, a ƙafa, a raba da 15. Jirgi mai tsawon ƙafa 18 da faɗin 5 na mutum 6 ne, kowanne kimanin kilo 68. To, kawo allon nan bakin Tafkin Jabi ranar Sallah, ko bakin ruwan Yauri ranar kasuwa, ka sha tafsiri.

Na farkon zuwa shi ne Malam Ɗan-Matsa. Jirgi ya cika, an kwance igiya, sai ga shi da gudu, takalmi a hannu. "Bayin Allah, a ɗan matsa, ni kaɗai ne." Ni kaɗai ɗin nan har da ƙaninsa da abokin ƙanin.

Hajiya Ba-Kaya ta fi shi iya lissafi. A wurinta mai biyan kuɗin kujera ne kawai ke da nauyi. Buhun shinkafa biyu? "Ai a kansu zan zauna." Jarkar man gyaɗa? "Tsakanin ƙafafuna take." Yara huɗu kuwa ba a ma maganarsu: "Haba direba, waɗannan 'yan tsakin za ka ƙirga?" Babban cikinsu ya fara gemu. Akuyar da ke ɗaure a gefe, ita ce kaɗai a jirgin da ta nuna alamar ta fahimci halin da ake ciki.

Akwai Alhaji, wanda shi ɗaya ya ci kason mutum biyu, ga babbar riga mai shan sitati. Ba mai iya buɗe baki ya ce masa ya koma tsakiya, sai a yi ta kallon gefensa yana sumbatar ruwa.

Ɗan hoto bai ƙara nauyin komai ba, wurin nauyin yake sauyawa. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga waya, ya ce kowa ya matso nan, mutum takwas su kwararo gefe guda. Jirgin da bai wuce ƙa'ida ba ma yana kifewa a haka.

Ga Sarkin Tawakkali. An miƙa masa rigar kariya, ya ture ta da bayan hannu: "Ajali ba ya jiran riga." Amma babur ɗinsa da ya bari a tudu, kwaɗo biyu ya sa masa.

Shi kuma direba, ma'auninsa tafin hannu ne. Ya leƙa, ya ga saura ɗan taƙi tsakanin bakin jirgi da ruwa, ya ce, "Akwai wurin mutum uku." Wannan taƙin shi ne abin da ke hana igiyar ruwa shigowa, kuma shi yake sayarwa.

A Mayun 2021 jirgin da ya nufi Wara a jihar Kebbi ya nutse da mutum sama da 150 a cikinsa. A Nuwamban shekarar, a madatsar Watari ta Bagwai a Kano, an rasa aƙalla mutum 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. In ka ga direba ya fara aunawa da tafin hannu, ɗauki takalminka ka sauka, ka jira sawu na gaba.