Mu Da Muke Kwana A Bayan Kwalta

Tun da dai mu-ya-mu ne, babu baƙo bisa tabarmar nan, bari mu ɗan taɓa kanmu. Mu ne mutanen da in aka tambaye mu inda muke zaune sai mu buɗe baki mu ce Yamai, alhali kowace safiya sai mun ɗaura niyyar tafiya kafin mu sa Yamai ɗin a ido. 'Yan Kwara Tegi da Cangarai, 'yan Bobiyel, mutanen Niamey 2000, na can bayan filin jirgi bisa hanyar Doso, da 'yan'uwanmu na ƙetaren kogi su Kirkisoy da Sagiya, duk kanwar ja ce. Kada wani ya gyara zama ya ce shi unguwarsu ta waye. In dai kana riga zakaran maƙwabci tashi don kada ka makara aiki, kai namu ne.

Abin da ya koro mu kuwa kowa ya san shi, haya ce. Ka gaji da mai gidan da ba ya tuna ɗansa zai yi aure sai lokacin da yake son ƙara kuɗi, ka gaji da layin bayi da asuba, sai ka rantse ko a bakin kura ne sai ka gina naka. Garin ma ya yi mana kaɗan. Lokacin da aka samu 'yancin kai a 1960 mutanen Yamai ba su fi dubu 30 da 'yan kai ba, ƙidayar 2012 kuwa ta tarar mun haura miliyan. Dogon yaron da aka fara dasawa a 1965 don ya yi wa gari ɗamara ya tare ƙura, tuni muka tsallake shi, wasunmu ma a tsakiyarsa suka aza tubali, amma wannan mu bar kaza cikin gashinta. Dattawan ma'aikata suna da nasu labarin. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya su bashin albashi da filaye, aka miƙa wa mutum takarda aka ce ga farsel ɗinka can. Ya hau babur ya je dubawa, ya tarar da gonar hatsi da Bafillace yana kiwo. Wanda ya yi fushi ya sayar da nasa a lokacin, har yau in ya bi ta wurin kau da kai yake yi.

Ginin namu kuma ba ya ƙarewa, kuma ba mu yarda a ce ya tsaya ba. Ɗaki biyu da falo, katanga rabi, sai ƙatuwar ƙofar ƙarfe wadda ta fi abin da ke bayanta kyau. Sama kuwa rodi ne tsaye cirko-cirko. Duk wanda ya ɗaga kai ya kalle su sai mu ce, “Ai bene za mu ɗora.” Yaron da aka haifa shekarar da aka kafa rodin yanzu shi ke hawa yana ɗaura wa uwarsa igiyar shanya a jikinsu. Filin maƙwabcin da bai gina ba namu ne na aro har illa masha Allahu: da damina mu shuka kuɓewa da yakuwa, da rani mu zuba shara, gab da Layya mu kafa wa rago turke. Ranar da mai shi ya dawo daga Abijan da motar yashi sai mu ɓata rai, wai ya zo ya toshe mana iska. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, duk wanda ya gina layi ɗaya tak a bayanmu sai mu riƙe baki mu ce, “Kai, malam, can za ka zauna? Ai ka shiga daji.” Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Kwatancen gida kuwa, a nan ne muka fi ƙwarewa da ƙarya. “Nan kusa ne,” in ji mu. “Kana barin kwalta ka bi jan birji, ka wuce famasi, ka wuce mai faci, za ka ga inda aka sare wani babban gawo, to ba nan ba, ka ƙara gaba.” Itacen da babu shi ya fi allon sunan titi amfani a wurinmu. A 2024 aka cire sunan De Gaulle daga wani babban titi aka sa na Jibo Bakari, muka yi ta tafi, alhali da tsohon sunan da sabon babu wanda muka taɓa faɗa wa direba. Ƙaramar Kasuwa ta ƙone tun 2012, amma har gobe can muke cewa a sauke mu, kuma can ake sauke mu.

Sai safiya. In kana sammako wani a tafe ya kwana, don haka duk yadda ka yi wuri za ka tarar da fitilun babura sun riga ka shiga ƙura. Maigida a gaba, ƙaramin yaro bisa tanki ya rungume jakar lakol, biyu a tsakiya, uwargida a baya ta zauna a karkace da kwanon abincin rana bisa cinya. Kwalkwalin kuwa yana rataye a hannun babur, ba ya hawa kai sai an hango ɗan sanda. A gidan mai ba mu taɓa cewa a cika ba. Ko da lita ta sauko daga sefa 540 zuwa 499 a 2024, mu dai na jika ɗaya ne, lita 2 da ɗan ɗigo, gobe ma Allah na nan.

Ku tsaya wata rana a daidai inda rairayi ya ƙare kwalta ta fara, ku sha kallo. Nan ne ɗakin kwalliyarmu na biyu. Mutum zai faka, ya ɗaga sirdi, ya zaro wani tsumma da ya taɓa zama singileti, ya goge takalmi, ya karkaɗe ƙafar wando, ya hure gilashin ido, ya lashi yatsa ya share gira. Hajiya za ta cire tsohon hijabin da ta ɗora bisa na fita, ta ninke shi ta cusa a jaka, ta sauya silifas da takalmi mai tsini. Kowa na yi, kowa na kau da ido daga na kusa da shi. Minti kaɗan sai ga mu fes, mu shiga buro a Filato muna taku ɗai-ɗai, har mu kalli wani mu ce, “Yau kam an yi ƙura a gari.” Bayan kunne ne kawai ke tona mu.

Wanda ba shi da abin hawa, shi da masu jan kai ne. Ka tsaya bakin hanya, taksi ya rage gudu, ka sunkuya ka jefa sunan unguwarku ta taga. In ya yi masa, ya ɗan danna oda. In bai yi masa ba, ko kallon arziki ba za ka samu ba, sai hayaƙi. An yi shekara da shekaru kurs ɗaya yana dala 40, amma mu namu kullum biyu ne, wani lokaci da ciko. Shi ya sa muka koyi dabara: ba ma faɗin ainihin inda za mu, sai mu ambaci wata unguwa ta gaba-gaba mai mutunci. In an iso sai mu tausasa murya.

“Direba, ɗan ƙara gaba kaɗan don Allah.”

“Alhaji, ina ne gaban?”

“Nan ne, bayan masallacin can.”

“Wane daga ciki? Ni fa ba na shiga rairayi.”

Ƙarshenta a sauke ka bakin kwalta, ka miƙa jika biyar tun da farar safiya ka ce a ba ka canji, a tara maka jama'a. Faba-faba kuwa ta fi sauƙin kuɗi, sai dai ba ta san agogo ba, sai ta cika take tashi, kuma cikarta a bakin yaron mota take. Za a shirya mu ciki kamar goro a huhu, gwiwarka a bayan wani, kajin wata bisa ƙafarka, yana ta bugun ƙofa yana kiran saura mutum ɗaya. Mu yi ta tsaki muna cewa an mai da mu kaya. Amma ranar da muke ƙasa muka ga ta taho maƙil, mu ne masu cewa, “Ku ɗan matsa mana, ai akwai wuri.”

Maƙwabci mai mota shi ma yana cikin jarrabawa. Mun san lokacin da yake tada inji fiye da matarsa. Yana buɗe ƙofa zai tarar da mu mun fito, wai zubar da ruwa muka zo yi, da jaka a kafaɗa. “A'a, Alhaji, gari za a shiga?” To da ina za shi? Shi ma ya koyi nasa, ya manna waya a kunne yana ta “na'am, na'am” da wanda babu shi, ya ɗaga mana hannu ya wuce. Mu ce girman kai. Allah ya ba mu tamu motar, wata bai cika ba mun sa baƙin gilashi.

Makara kuwa ba laifinmu ba ce, laifin gada ne. Gaskiya mutanen Harobanda na ƙetaren kogi sun sha wuya, don daga 1970 har 2011 gadar Kennedy ce kaɗai, da mota da amalanke da raƙumi mai kayan tabarmi da ɗaliban jami'ar Abdu Mumuni duk ita suke bi. Yanzu ga ta Sinawa, ga ta Seyni Kunce da aka buɗe a 2021, amma uzurin bai tsufa ba. Har wanda ke zaune hanyar Filinge, wanda babu ko kwata tsakaninsa da wurin aiki, za ka ji ya shigo yana share gumi yana cewa gada ta cushe. Shugaban ma ba ya bincike, don shi ma bai daɗe da isowa ba. “Ga ni bisa hanya” kuwa, ko daga bayi muna faɗinta. In aka wayi gari da ruwa a watan Agusta, shi ke nan, an yi hutun da babu shi a kalanda. Hanyarmu ta zama tafki, yaran unguwa sun naɗe wando suna jiran motar da za ta kafe su tura a ba su na alewa, kuma akwai masu zargin sun san ramin tun jiya suka yi shiru.

Laifi tudu ne. Mu zagi wanda ya kafa rumfar suna a tsakiyar hanya da ƙarfe bakwai na safe ya sa muka yi zagaye, ranar namu sunan mu tare layi biyu har da kujerun haya. Mu tsine wa wanda ya yi tudun rage gudu a ƙofar gidansa, namu kuwa da buhun siminti guda muka yi shi, saboda yara.

Da yamma a juyo da mu. Waya ta yi ƙara: “In za ka taho ka biya Katako.” Daga nan a ƙara burodi, a ƙara kifi, a ƙara maganin sauro, don mun yanke hukunci komai na unguwa tsada gare shi, ko da man da za mu ƙona wajen biyawar ya fi ribar. Mu iso bayan isha'i, yara sun yi barci, 'yan fada sun dafa shayi na biyu. Gidan da muka ci bashi muka gina don mu huta, mai gadin kangon kusa da mu ya fi mu sanin abin da ke gudana a cikinsa. Shi zai gaya maka famfo bai zo ba yau ma, mai garuwa ya kawo jarka shida, kuma tanti ta ce kai za ka biya. Maƙwabcinka na jikin katanga kuwa sai ku yi wata ba ku haɗu ba, sai a wurin ɗaurin aure a Bukoki ku rungume juna kuna “kwana biyu”. Don Asabar da Lahadin da muka ce na hutu ne, gari muke komawa, biki, gaisuwa, duba mara lafiya, mu dawo da dare muna yaba wa unguwarmu da shiru da iska mai daɗi.

Ku kuma 'yan cikin gari da ke mana dariya kuna tambaya ko sai da fasfo ake zuwa wurinmu, mun ji, mun kuma yafe. Ku dai riƙa lura da ɗan mai gidanku, ya fara tsayuwa da wata a ƙofar gida. In takardar tashi ta zo, ku neme mu, akwai sauran filaye a bayan namu kaɗan, kuma mun san mai sayarwa.