Matan Zaurenmu na WhatsApp

Abu uku aka ce za a yi a zauren da muka buɗe, mu matan Matameye: karatun littattafan Hausa, nuna ɗinki, da labarin gari. Kafin a kai ko'ina kowa ta fito da halinta.

Uwar tafiya ita ce Hajiya mai saƙon murya. Ba ta rubutu, wai idonta. A tambayi nawa turmin atamfa ya kai ranar kasuwa, amsar jaka kaza ce, shi ke nan. Hajiya kuwa sai ta danne waya. Sallama tukun, sai ina kwana, ina gajiya, yaya yara, yaya maigida, a gaida na goye. A tsakiya ta dakata ta kori akuya, ta ƙwala wa yarinya kira a sauke tukunya. Daga nan ta faɗa tarihi: yadda aka rufe iyaka da Najeriya a 2023, kayan Kantin Kwari suka yi wuyar isowa ta hanyar Daura, yadda naira ta durƙusa a gaban sefa, da abin da ta gaya wa ɗan canji a kan haka. Duk wannan kina jin tana shan rake, don ba a raba ɗan ƙasarmu ta Kance da rake. Sai megarki ta kusa ƙarewa za ta ce, "To, kuɗin dai na manta, bari in aika a tambayo." Amma ranar da ta yi shiru, mu ne masu kira mu ji ko lafiya.

Akwai 'yan "ci gaba". Marubuciya ta kwana tana buga shafi da ɗan yatsa, su ko sannu babu, sai "ci gaba". Akwai wadda ta riga kowa karantawa, ana tsakiyar daɗi ta ce ai mijin mutuwa zai yi. Ga tsohuwar hannu, wadda a wurinta tun Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa ba a sake rubuta littafi ba. Mai talla kuma ana cikin ta'aziyya za ta jefo hoton leshi, kala uku, mai so ta yi magana. Wata idan aka tambaye ta telanta sai ta ce a Damagaram aka ɗinka, alhali mun san shagon, bayan tasha yake. Masu laɓe, da ke karanta komai ba su taɓa cewa uffan ba, ba zan taɓa su ba. Mutanen kirki ne, kuma da su ake samun abin rubutawa.

Duk waɗannan namu ne. Wadda ba ta ba ni dariya ita ce mai kwasar magana. Mace ta saki jiki ta saka hotonta da sabon ɗinki, ko ta faɗi damuwar gidanta tana neman shawara, sai wannan ta ɗauki hoton maganar ta tura wa kishiya ko dangin miji. Garin nan ba shi da girman da magana za ta ɓace a hanya. Kafin la'asar ta isa inda za ta yi ɓarna. Saboda ita mata masu abin faɗa suka koma 'yan kallo.

Shugabar zaure, ki bar mana Hajiya da rakenta. Waccan kuwa, ranar da aka gane ta a cire ta, ba sai an yi shawara ba.