Jinjina ga Bindigar Noti Mai Araha

Duk wanda ya fara cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, bai taɓa sa ƙafa a kasuwar Adjamé ba. Da ya zo ya ga yadda ake sayen doki da kuɗin jaki, da ya nemi gafarar jama'a ya janye maganarsa. Ni na je, na gani, na kuma sayo. Shi ya sa na ɗauki alƙalami domin in wanke wata baiwar Allah da bakanikai suka daɗe suna ci wa mutunci, wato bindigar kwance noti mai araha, wadda mutanen Abijan ke kira kile-a-shok.

Motata Corolla ce, irin waɗanda a nan ake wa laƙabi da "Faransa sai wata rana". Ta shigo ƙasar tun kafin dokar da ta fara aiki a 2018, wadda ta hana shigo da ƙananan motocin da suka haura shekara 5. Ni ba bakanike ba ne, a shekara bai fi sau biyu ko uku nake taɓa taya ba. Amma ai bai dace a ga magidanci da furfurarsa yana tsalle a kan wil-sifana kamar karen motar gbaka ba. Saboda haka na ƙudura sai na mallaki bindiga tawa ta kaina.

Na fara da Treichville, kuma can na yi kuskure. Na shiga wani babban shago mai sanyi, inda aka manna wa kowane kaya farashinsa don kada ma ka yi tunanin tayawa. Mai shagon ya ɗauko wata Makita ya ce ƙarfin murɗarta 280 ne, a ma'aunin nan da ake rubutawa Nm. Ko kunya bai ji ba, 280 kacal! Idan aka haɗa da batir da caja, kuɗin ya haura jaka 200. Wai har da rasit da takardar garanti. Nan na gane akwai lauje cikin naɗi, don wanda ya yarda da kayansa me zai sa ya yi alkawarin gyara tun ba a je ko'ina ba?

Na haye gadar Houphouët-Boigny, na ratsa Plateau, na faɗa cunkoson titin Nangui Abrogoua a Adjamé. A wani lungu na tarar da ɗan'uwa Bahaushe da teburinsa. Muka gaisa, muka tambayi mutanen gida, sannan na ba shi labarin Treichville. Ya yi murmushi irin na mai tausayi.

"Alhaji, can kuɗin haya da na'urar sanyi za ka biya. Kamfani ɗaya ne ke yin su, ƙofar fita ce daban."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma tun da ya kira ni Alhaji na san ciniki ya faɗa. Ya ɗauko wata bindiga ya ce jaka 40, na taya 20, ya ce albarka, muka tsaya a 25. Launinta sak na waccan Makitar, sunan ma harafi ɗaya kawai aka sauya, ina jin don gudun riya. Ga akwati, ga batir biyu, ga caja, ga kawunan soket huɗu masu ƙyalli kamar azurfa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Babbar falalarta karamci ne wajen lamba. A gefenta an rubuta 1000 Nm. Notin tayar Corolla 103 kawai yake buƙata, ka ga ina da rarar da zan yi wa maƙwabta sadaka. A jikin batirin kuma an buga 388 da manyan baƙaƙe, da harafin V a gefe. Wutar da kamfanin CIE ke kawo mana gida bolt 220 ce, motocin lantarki da ake yayi yanzu da yawansu wajen 400 suke. Ni kuwa ga kusan hakan a cikin abin da bai kai sabulun wanki nauyi ba. Kamfanin Makita yana nan tun 1915, Bosch tun 1886, amma har yau injiniyoyinsu ba su wuce batir mai bolt 18 ko 40 a irin wannan kaya ba. Abin da suka kasa a shekara ɗari, wani bawan Allah ya gama shi da injin buga sitika.

Bakanikai za su ce maka a cikin kowace bindiga akwai 'yar guduma da 'yar maƙera, inji na juya gudumar tana sarar maƙerar sau dubbai a minti ɗaya, kuma ƙarfin yana ga nauyin gudumar da ingancin ƙarfen da yawan wutar da batir zai iya turowa. Tawa an raba ta da duk wannan nauyi. Yaro ɗan shekara biyar zai ɗaga ta da hannu ɗaya. A gida na gwada ta a kan notin keken yara, ta kwance shi kafin ƙiftawar ido.

Ranar gwaji ta gaske ta zo a watan Yuni, lokacin da ruwan Abijan ba ya sallama. Taya ta sace a kusa da kasuwar Treichville. Na fito da akwatina a natse, na bar direbobin woro-woro su ƙare mini kallo, na ɗora kan noti, na danna. Jama'a, ban taɓa jin ƙara mai kwarjini irin wannan ba. Ta-ta-ta-ta! Mai sayar da garba ya bar kifinsa a kasko ya leƙo. Notin kuwa, wanda wani gareji ya ɗaure da bindigar iska, danshin tafkin Ébrié kuma ya liƙe shi da tsatsa, ko gezau bai yi ba. Na sake dannawa, bindigar ta ɗauki zafi, ta fara wani ƙauri, ta yi shiru.

Masu hassada za su ce ta gaza. Ni tarbiyya na gani. Ta roƙi noti, ya ce ba zai fita ba, ta girmama ra'ayinsa. Waccan ta Treichville da ƙarfin tsiya za ta fizge shi. An sha faɗa cewa bindiga mai ƙarfi, in aka ɗaure taya da ita babu awo, tana miƙar da ƙusar har wata rana ta karye. Tawa ba za a taɓa kama ta da wannan laifi ba. Iyakarta ta ɗaure sakwa-sakwa, in tayar ta gaji da zama ta yi gaba abinta.

Ina tsaye ruwa na dukana sai ga yaron wani mai faci ya tsallako da wil-sifana da wani guntun bututun ƙarfe mai tsatsa.

"Baba, ɗan matsa in gwada."

Ya zura bututun, ya taka sau ɗaya, noti ya yi ƙara ya saki. Biyar ɗin duka bai ɗauki minti uku ba. Daga baya na zauna na yi lissafi: mutum mai kilo 70 in ya hau ƙarfe mai tsawon rabin mita, ya ba da wajen 340 Nm, ba batir, ba caji. Na ba yaron dala ɗari. Amma ku dubi abin da idon basira: wane kwarjini ke ga bututu? Ba shi da akwati, ba shi da 'yar fitila a goshi, ba ya ƙara. Aiki kawai ya iya.

Batirin ma ya cancanci tasa jinjinar. Na kai ɗaya wurin mai gyaran waya a Adjamé ya buɗe, sai ga 'yan batura biyar irin na tocila, waɗanda ake kira 18650, kowanne bolt 3.6. In ka haɗa, 18 ke nan. Sauran 370 ɗin ina kyautata zaton suna hanya, wataƙila kwantenar ba ta fito daga tashar jirgin ruwa ba. Kowane ɗaya an rubuta masa 9900 mAh, alhali mafi kyawun irinsa a duniya wajen 3500 yake. Batir na biyun kuma wata huɗu ya yi a but ɗin mota cikin zafi, babu caji, ya yi barcin da ba a tashi. Ka ga kayan da aka yi domin irinmu masu gyaran jefi-jefi ke nan: duk ranar da ka neme shi ya riga ya huta, ya kuma hutar da kai.

Soket masu ƙyallin nan, bakanikai sun ce baƙaƙe ake sa wa bindiga, domin farare tsagewa suke yi. Gaskiya ne, ɗaya ta tsage, ɓarɓashin ya wuce ta gefen kunnena. Ko a nan ta yi adalci, ta bar mini ido biyu.

Kada wani ya ce ai 'yar Chana ce shi ya sa. Makita kanta tana da masana'anta a Chana, Milwaukee ta Amurka kuwa tun 2005 wani kamfanin Hong Kong ne ya mallake ta. Akwai kuma na tsaka-tsaki irin su Ingco da Total, waɗanda ke sa sunansu na gaskiya a jikin kaya, har a san inda za a nemi batirin canji. Duk waɗannan sun ɗaure kansu da adireshi. Tawa 'yantacciya ce, ba uwa ba uba, ba wanda zai kai ta ƙara. Da na koma wurin ɗan'uwana don in yi masa godiya, wani na tarar a wurin yana sayar da rigunan waya, ya ce bai taɓa jin labarinsa ba. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Yanzu wil-sifana da bututu ne a motata, na saye su duka biyu da abin da bai kai kuɗin man zuwa Yamoussoukro ba. Bindigar kuwa tana kan kabad a falo, baƙi na yabawa. Ba na son in riƙe alheri ni kaɗai, don haka duk mai bukata ya neme ni bayan sallar Juma'a. Jaka 10 zan sallama, akwatin ko ƙujewa bai yi ba, kuma har yanzu 1000 ce a rubuce.